Haƙoran Magen Gwaggo Rekiya

Duk Karofi babu wanda bai ɗanɗani bakin Gwaggo Rekiya ba. Yayar mahaifina ce, shekara talatin tana auna wake a kasuwar Dutsin-Ma, kuma ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba. 'Yan acaɓa in sun hango ta da buhu sai kowa ya duƙufa gyaran madubi. Ta yi faɗa da mai unguwa, ta yi da mai niƙa, ranar bikina ma a gaban dangin miji ta ce miyar tsululu ce. Ba na son halinta, kuma ba zan ɓoye ba.

Rai ɗaya ne ya tsira daga wannan baki, wato magenta Zabuwa, mai tsaron ɗakin wake daga ɓeraye. Shekararta takwas a gidan, tare suke ci, a ƙafafunta take kwana.

Bara Zabuwa ta fara dalalar da miyau, bakinta na wari. Sai ga Gwaggo da ita cikin kwando a asibitin dabbobin da nake aiki a Dutsin-Ma. Likita ya kankare dattin da ya daskare a haƙoran, ya ce an zo a kan gaɓa, in aka kula za su tsira. Ya sa aka aiko da busasshen abincin mage daga Kano, irin mai manyan ƙwayoyi kamar gurjiya, wanda in mage ta gartsa yake goge mata haƙori.

Sau uku ina maimaita mata. "Gwaggo, a bushe za ki ba ta. Taunar ita ce maganin. Ruwa kuwa a kwano daban."

"Ke Hawwa'u, kurma kika mai da ni? Tun ba a haihi ubanki ba nike kiwon mussa."

Bayan wata biyar na je Karofi gaisuwa. Ina shiga na ji ƙarar turmi. Gwaggo ce zaune ta jiƙa abincin nan da ruwan zafi, ta kirɓa shi lilis, tana kwaɓawa da nono. Zabuwa na gefe tana lasa, ko haƙori ɗaya bai taɓa komai ba. Raina ya ɓaci har na manta ban gaishe ta ba.

"Gwaggo! Me na ce miki?"

"Kin ce in ba baiwar Allah tsakuwa. Ni na sa ƙwara guda a bakina, sai da dasashina ya yi jini. Abin da ya gagare ni shi zan ba ta?"

"Ke ai ba ki da turamen haƙori, ita tana da su! Tun yaushe kike jiƙawa?"

"Tun ran da aka kawo shi. Gidan ga ba a ba mai ciwon baki abu busasshe. Shekara huɗu ina jiƙa ma Malam tuwo kahin ya rasu, ku masu ilimin kuna ina? Wa ya leƙo?"

Gaskiya ce, duk jinyar mijin nata ba mu leƙa ba, amma wa ke leƙa gidan da ake tarbarsa da zagi? Na kama Zabuwa na buɗe bakinta. Dasashin ya yi jawur, dattin ya dawo har ya fi na da, turame biyu na girgiɗi. Na ce ta kawo ta gobe. Ta ce ita ba baiwata ba ce. Sai da ta ƙara mako uku, magen ta daina ko lasar nonon, sannan ta zo.

Haƙori shida likita ya cire. Da ya gama ya ce daga yanzu sai abinci mai laushi, a riƙa jiƙa mata. Gwaggo ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"To, kin ji? Likitan ma ya dawo hanyata."

Wallahi da ba yayar ubana ba ce, da na faɗa mata maganar da za ta hana ta barci. Na haɗiye, na shiga wanke kayan aiki.

Ta tambayi likita ko Zabuwa za ta ci gaba da kama ɓera. Ya ce da wuya. Ta sunkuya ta leƙa magen a cikin kwando. Can ta ce a ba ta haƙoran. Na zuba mata su a tafin hannu. Ta ƙulle a haɓar zaninta, sai da ƙullin ya kwance sau biyu kafin ya kama. Na miƙa hannu in taya ta ɗaukar kwandon, ta make ni.

"Kar ki taɓa ta," in ji ta, idonta cike da ƙwalla. "Da kin yi mani bayani yadda ya kamata, da ba a kai nan ba."