Jirgin da Muka Naɗe a Leda

Maigidana mutumin Yawuri ne, a bakin kogi aka haife shi, kuma karatun ƙera jiragen ruwa ne ya kai mu Kuala Lumpur. Ni kuwa Bakanuwa ce, ruwan da na sani bai wuce na randa ba. Nakan tsokane shi in ce mun tsallako duniya don a koyi sassaƙa kwalekwale. Ba ya jin haushi. Sai ya gyara zama ya ce mutanen ƙasar nan suna ƙera jirage su sayar wa maƙwabtansu, to mu me aka yi mana? Burinsa a kafa masana'anta a gefen kogin garinsu, a riƙa ƙera jiragen ƙarfe masu tafiya a ruwa marar zurfi, a kai su Nijar da Mali. In ya fara wannan zance, abinci sai ya huce a gabansa.

Duk digirin nasa a kan abu ɗaya ya rataya, wato wani ɗan samfurin jirgi na katako, tsawonsa kamar na mutum. Ya fi shekara yana gogarsa a ɗakin gwaji, yana dawowa da garin katako har cikin gemu. Abin da ya rage kawai a saka shi a wani dogon kwarmin ruwa da ke jami'a, a ja shi, a auna yadda yake keta ruwa. In babu wannan awon, babu digiri.

Sai ga annoba. Ranar da aka sanar da dokar kulle, ya ruga makaranta ya ɗauko jirgin a motar haya, don bai yarda ya bar shi inda idonsa ba ya gani ba. Da kyar muka hau da shi benenmu na unguwar Cheras. Muka yi masa irin adanar da muka tashi muka ga ana yi wa duk abu mai daraja a gida: ya lulluɓe shi da tsohon zane, ya naɗe da leda rufi kan rufi, ya bi da salatif ko iska ba ta shiga. Muka jingine shi a ɗan siton da ke manne da banɗaki, aka ja ƙofa.

"Maman yara, kar wanda ya taɓa min," in ji shi. Ya ƙara da irin Turancin 'yan garin: "Two weeks ne kawai lah, za a buɗe ɗakin gwaji."

Sati biyun nan ya yi ta haihuwa. A sassauta, a sake kullewa. Jami'a ta buɗe wa wasu, ɗakin ruwan yana garƙame. Wa'adin da masu ɗaukar nauyinsa suka ba shi kuma yana ta ƙaratowa. Ya rame, ya daina zancen Mali. Abin da ke riƙe da shi kawai shi ne jirginsa na nan lafiya, kuma saboda tsabar tattali ko leƙa shi ba ya yi.

A garinmu abin da aka rufe shi ne ya tsira. Kuala Lumpur kuwa gari ne mai laima, ko takalmi ka ajiye a lungu sai ya yi gemun fumfuna. Mun ga haka a takalma da jakunkuna, amma ko sau ɗaya hankalinmu bai kai sito ba.

Da aka ba shi ranar gwaji, ya sa reza ya farke ledar a tsakar falo. Wari ne ya fara fitowa. Zanen ya jiƙe sharkaf, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a cikin jirgin, fentin ya kumbura, hancin kuma ya karkace gefe kamar bakin mai shanyewar jiki. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba. Ya durƙusa yana shafa katakon da tafin hannu, sai salati yake yi.

Duk da haka ya kai shi wurin farfesansa. Da la'asar ya dawo da shi a kafaɗa.

"Me farfesan ya ce?" na tambaye shi.

"Tak boleh. Wai ba zai yiwu ba. Sai dai in sassaƙa sabo."

Sabo yana bukatar shekara, mu kuwa takardun zamanmu sun kusa ƙarewa. Ya nemi ƙarin lokaci, aka ce masa annoba ta shafi kowa. Muka fara ɗaure kaya.

Muna cikin haɗa akwatuna mahaifiyarsa ta kira daga Yawuri. Ya buɗe muryar wayar don mu gaisa. Tsohuwa sai murna take yi, wai ta ji muna hanya. Ta ce gidan bai rabuwa da baƙi, kowa na kawo sunan ɗansa don a ɗauke shi aiki in an buɗe masana'anta, har maƙeran bakin kasuwa sun zo gaisuwa.

"To, an gama jirgin ko?" in ji ta.

Sai ya miƙo min wayar, ya juya fuskarsa bango.

Na ce, "Inna, ba ma jin ki sosai, sabis ne babu kyau." Na kashe. Alhali muna jin ta tar, har da kukan awakinta.