Tsohuwar Wayar Baba Tsani

A barandar tsohon gini, kusa da taga ta uku, fentin bango ya goge daidai tsayin kafaɗa. Kowa wucewa yake yi. Ranar da na fara aiki a sashen intanet na jami'a na tsaya ina kallon wurin, sai na ji murya a bayana.

"'Yata, a nan ɗalibai ke jingina. Duk ginin nan, nan kaɗai sabis ke kamawa."

Baba Tsani ne. Shekara ashirin da biyu yana jan waya a silin ɗin makarantar, kullum da tsani a kafaɗa, har sunan ya bi shi. Ya san bangon dutse, ya san na katako, ya san na'urorin da aka kafa tun ina firamare. Yana da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da ya ɗaure da roba, ba ya kiran kowa da ita.

Aka kawo sababbin na'urorin waifai goma, aka ce mu auna gine-gine mu tsara inda za a kafa su. Injiniya, shugabanmu, ya yi awonsa ranar Asabar da sabuwar kwamfutarsa. Taswira ta fito kore shar, alamar sabis ya wadata, har da ɗakin karatu na tsohon gini. Ke nan duka goman sabon gini za su tafi. Wata guda ya rage Baba ya yi ritaya, ga shi ya yi shekaru yana roƙa wa ɗakin nan sabuwar na'ura.

"Ranka ya daɗe, kujeru ka auna," in ji Baba. "Kujera ba ta shan sabis."

"Baba, kwamfuta ba ta ƙarya."

"Ba ta yi ba. Amma ɗan wa ke da irinta a nan?"

Injiniya ya yi dariya, ya ce to a sake ranar Litinin, don a huta da mitar tsoho.

Ƙarfe sha ɗaya muka shiga, ɗakin cike maƙil. Kwamfutar Injiniya tana jawo sabis daga sabon gini. Wayar Baba kuwa, irin ta yawancin ɗalibai, tsohuwar na'urar ɗakin kaɗai take gani, ita kuma mutum ɗari biyu sun yi mata yawa. Muka bi layi-layi, Baba yana ɗaga waya, ni ina rubutawa. Tun daga layi na huɗu babu komai.

Wata ɗaliba ta ɗago kai. "Baba, in sabis kake nema, je ka taga ta uku."

Injiniya ya daɗe yana duba takardata. Ya ciro biro, ya mayar da na'ura uku tsohon gini, biyu a ɗakin karatu.

"Ka ci, tsoho."

Baba ya gyara robar wayarsa, ya saɓa tsani, ya tafi canza ƙwan fitilar baranda.