Ruwan Sallar Baba Modu

Duk shekarun da na yi ina share ofishin aikin gona ina dafa wa ma'aikata shayi, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda na raka Malama Falmata unguwar Dala, muna neman wani tsoho a kan ruwan saman da ya sauka tun ba a haife ta ba. Ku da kuka zo daga baya kuna ji ana tambaya, "Waye na ruwan Sallah bana?" kuna dariya, alhali ba ku san tushen maganar ba. To ku gyara zama. Ni dai kun san ni, Ya Amsa, bokon da na yi bai taka kara ya karya ba, kuma daga gidana a Bulumkutu sai ofis, daga ofis sai gida. Amma mai kai shayi ba a rufe mata ƙofa, kunne kuma ba shi da marfi.

A lokacin Falmata sabuwar ɗauka ce, ba a tabbatar mata da aiki ba tukuna. Shugaban sashenmu Malam Bukar ne, kuma shi zai rubuta ko ta cancanta ko ba ta cancanta ba. Sai ga injiniyoyi za su gina kwalbati a hanyar lambunan da ke wajen Konduga. Suka aiko suna son sanin ruwa mafi yawa da ya taɓa sauka a rana ɗaya a shekarun baya, don su san girman bakin da za su yi masa. Malam Bukar ya danƙa wa Falmata aikin.

Ga wanda bai sani ba, ma'aunin ruwan sama ba wani abin mamaki ba ne. Gwangwani ne da mazurari a kansa, an kafa shi a fili bayan ofis. Kowace safiya a juye abin da ya taru cikin wata kwalba mai zane-zane, a duba, a rubuta, a zubar. Takardun da aka tara tun zamanin da suna cikin sito. Ni na buɗe mata siton. Da muka ɗaga ɗaurin farko sai ya zube a hannunmu kamar garin tuwo, gara ta gama walima.

Na ce, "Shi ke nan, 'yar nan, ruwa ya bi ruwa."

Ta ce, "Bai bi ba, Ya Amsa. Duk wata ana aika kwafi hedikwata, daga can kuma a tura wa masu tara bayanan yanayi na duniya. Yana intanet."

"Ruwan Maiduguri ne a ajiye a ƙasar wasu?"

"Ba ruwan ba, lissafinsa."

Na tsaya a bayanta da tire ina kallo. Ta buɗo taswira a kwamfuta, ta yi ta matso da ita har garinmu ya fito, ga ɗan ɗigo a kan tasharmu ta auna ruwa. Ta danna shi, ta zaɓi shekarun da take so, aka ce ta jira saƙo. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, saƙo ya iso, ta sauke. Sai ga layuka kamar jerin tururuwa, kowace rana da lambarta. Ta nuna mini cewa ranar da aka duba ba a sami ruwa ba sifili ake sawa, ranar da ba a duba ba kuwa sai a jera lambar tara-tara, wato gurbi ne, ba wanda ya san abin da ya faru.

A nan matsala ta ɓullo. A wasu shekaru a jere, cikin tsakiyar damina, sai a ga gurbi na 'yan kwanaki, washegari kuma ruwa mai ban tsoro, irin wanda zai tafi da gada ba kwalbati ba. Kuma gurbin ba ya zama wuri ɗaya. Bana yana ƙarshen damina, baɗi ya ɗan ja baya, shekarar gaba ya ƙara ja.

Ina ajiye wa Malam Bukar kofi ya ture takardar. Ya ce, "Falmata, ina kika taɓa ganin rami mai tafiya? Layukanki ne suka zame wajen saukewa. In na ba injiniyoyi wannan, dariya za su yi mana. Suna dawowa mako mai zuwa. In ba ki gyara ba zan ba wani aikin, kuma kin san abin da zan rubuta a kanki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, haka yake a can."

"To ki kawo mini dalili."

Ta sake saukewa, abin bai canza ba. Shayin da na kai mata ya huce a gabanta. Don in ba ta dariya na ce wataƙila tafiyar ce ta yi nisa, lambobin suka zube a hanya. Ta ɗan murmusa, ta ce, "Da ma kwamfutar tana magana in tambaye ta wanda ya rubuta."

Na ce, "Af! Wannan ai ba sai kwamfuta ba. Baba Modu ne, shi ke duba gwangwanin kafin ya yi ritaya. A wajen matarsa Ya Kolo nake sayen turaren wuta."

Washegari bayan la'asar muka hau keke napep sai Dala. Muka tarar da Baba Modu a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Ya Kolo a gefe tana haɗa turare. Aka gaisa da Barbarci, "wushe, wushe", aka tambayi gida, aka tambayi yara, aka tambayi ƙafata mai ciwo, Falmata tana ta murza takarda a hannu. Da aka gama ta durƙusa ta karanto masa ranakun.

Ya saurara, ya girgiza kai. "'Yata, watannin Bature sun gudu sun bar ni. Faɗa mini da namu."

Ta ciro waya ta juya ranar farko zuwa lissafin Musulunci. Ta juya ta biyu. Ta ɗago a hankali ta ce, "Baba, duk Zulhajji ne. Daga jajibere."

Ya Kolo ce ta fara fashewa da dariya har ta kusa kifar da kaskon turare. "Wayyo ni! Sallar Konduga! Malam, ban gaya maka gwangwanin nan zai kai ƙararka wata rana ba? To ga shi ya kai ka har ƙasar waje."

"Ke dai ji da turarenki," in ji shi, shi ma yana dariya. Ya juyo wajen Falmata. "Ni kaɗai ne a kan aikin, ba mai karɓata. Mahaifiyata kuma tana Konduga, ta rantse ba za ta ci naman layya ba sai wanda na yanka da hannuna. A shekarun da Babbar Sallah ta faɗo cikin damina, sai in nemi izinin maigidana in tafi. Ranar yanka, ranar suya, ranar gaishe-gaishe. In na dawo in tarar gwangwani ya tara na duk kwanakin, in auna, in rubuta a ranar da na dawo."

Falmata ta ce, "Baba, me ya sa ba ka raba shi a kan kwanakin ba?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "In raba da wane ido? Allah kaɗai ya san wanda ya sauka ranar Idi da wanda ya sauka ranar suya. Abin da na gani na rubuta, wanda ban gani ba na bar wurinsa a buɗe. Da bakin da na yi kabbara ba zan ƙirƙiro wa gwamnati ruwa ba."

A keke muna dawowa na yi ta jin haushin kaina. Ni da nake ƙorafi kowace shekara cewa azumi yana ja baya yana shiga zafi, na ji Malam Bukar da kunnena yana maganar rami mai tafiya, amma ko kusa Sallah ba ta faɗo mini a rai ba.

Da safe Falmata ta shiga wajen Malam Bukar, ni kuma shayi ya zama dole a kai shi a daidai lokacin. Bai yarda da bakinta ba, ya ciro tasa wayar ya juya ranakun ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya cire hula ya ajiye a tebur, ya yi dariya har da hawaye. "Ashe ragon Baba Modu ne ya kusa sa a gina mana gada! Falmata, na ɗauki alhakinki, ki yafe ni. Ki ware waɗannan, ki rubuta a ƙasa cewa tarin kwanaki ne, ki ba injiniyoyi sauran." A ranar ya sa hannu a rahotonta, ba a jima ba kuma takardar tabbatar da ita ta fito.

Nan take ya kafa doka: duk shekarar da Sallah ta zo cikin damina, dole a sa wanda zai duba gwangwani. Falmata ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, wa zai fara?" Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da hularsa, ya ce, "Ni mana."

Abin da na koya a aikin nan shi ne, duk lambar da kuka sauke daga intanet, komai nisan inda ta kwana, wani ne ya tashi da safe ya leƙa gwangwani, kuma mutumin yana da uwa, yana da rago. In kun ga gurbi, kada ku yi saurin cike shi, ku nemi mai shi tun yana da rai.

Sallar da Malam Bukar ya yi tsaro kuwa, ko ɗigo bai sauka ba. Kullum da safe ya zo cikin babbar riga ya ɗaga gwangwani busasshe. Ranar ƙarshe na kai masa soyayyen nama, na same shi yana rubutu. Na ce, "Yallaɓai, ka bar baƙi a gida ka zo ka auna iska?"

Ya juyo mini takardar. "Duba nan, Ya Amsa. Sifili ne, amma da idona na gan shi."