Gaisuwar Lantana

Baba Ayuba mutumin Zuru ne. Aikin dam na Bakolori ya kawo shi Talata Mafara yana saurayi, ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe wa gonakin shinkafa ruwa, daga nan har wajen Bakura. A Talata Mafara ya auri Lantana, nan ya binne ta. Da ya yi ritaya sai ya shigo cikinmu, mu tsofaffi 'yan fansho da ke haɗuwa ran Laraba da la'asar a gindin dalbejiyar bayan coci, muna nazarin wasiƙun manzanni.

Shi ke yi mana karatu, don Allah ya ba shi murya. In ya fara, sai ka ji kamar ruwa na tafiya a kwalbati, a hankali. Ni kaina sau da yawa nakan lumshe ido, in ga manzon da ya rubuta wasiƙar zaune kan tabarma kusa da mu, ƙafarsa duk ƙurar hanya, jirgin da ya kawo shi yana ɗaure a bakin dam.

Mu muna son muhawara, shi kuwa ƙarshen wasiƙa yake so, wurin da ake jero gaishe-gaishe: a gai da wane, a gai da wance da mutanen gidanta. A wurinsa gaisuwa amana ce. Yakan tsaya bayan kowane suna, sai mun ce muna amsawa. Tsofaffi da furfura, muna amsa gaisuwar mutanen da suka shuɗe tun zamanin da!

Bara ne kansa ya fara rikicewa. Wata Laraba, cikin sunayen nan masu karya harshe, sai muka ji: “Tukur mai gadin ƙofar ruwa yana gaishe ku.” Tukur abokinsa ne, Musulmi ɗan Dosara, ya daɗe da rasuwa. Muka kalli juna. Mako na gaba Lantana ta shigo cikin sunayen. Daga nan kowace wasiƙa da gaisuwarta take ƙarewa. Yatsansa na kan takarda, wallahi ganinta yake yi a rubuce. Fuskarsa ta washe, ya tafi gida yana 'yar waƙa.

Ɗanasabe, shugabanmu, ya ce ba a ƙari a kan Maganar Allah, dole a karɓe karatun. Na yi masa faɗa har sandata ta faɗi. Haba, wa tsohon nan ya cuta? Amma gaskiyar Ɗanasabe ce, na sani, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Aka ce ni zan karɓa. Muka gaya wa Baba Ayuba idonsa ne muke tausayi, ya yi godiya, ya miƙo mini littafin da hannu biyu.

Da Laraba ta zagayo, na karanta daidai, ban ƙara ko wasali ba. Yana zaune ido a rufe, yana gyaɗa kai a kowane suna, yana jira. Na kai ƙarshe na rufe. Aka yi addu'a, aka fara kwashe benci, shi bai motsa ba.

Da na zo wucewa ya kamo hannun rigata, ya rage murya don kada sauran su ji.

“Ishaku, yau Lantana ba ta gaishe ni ba. Mi na yi mata?”