Tambayar da Ƙawata Ta Yi Mini Ina Mata Kitso

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma a unguwarmu ta Matamaye babu macen da ta kai ni hannu a kitso, babu kuma wadda ta kai ni baki. A tambayi duk wadda ta rage cikin sa'o'ina. Mace za ta ɗora kai a cinyata da hantsi, kafin azahar ta tashi kamar amarya, ta kuma bar mini rabin abin da ke ranta. Mutum in ba ya kallon idonka, bakinsa ya fi sakewa.

A ranin da nake faɗa, Nasara na nan da mulkinsa. An gama cinikin gyaɗa, maza sun watse cin rani, nawa yana Kano, na ƙawata yana Katsina. Gari ya zama na mata da tsofaffi da yara. Sai aka fara jin agana ta ɓulla wajen Kurni. Ba ma kiran sunanta, 'yan rani muke cewa. Ni ta kama ni tun ina ƙarama, ga zanzanar nan a fuskata, kuma wanda ta kama sau ɗaya ba ta komawa kansa.

Dokar lokacin ita ce, duk gidan da ciwon ya shiga a gaya wa mai unguwa, a fitar da mai shi bayan gari inda aka kafa bukkokin kara, a ƙone tabarmarsa da tufafinsa. Lokotoro, wato likita, yana Damagaram, sai ranar da ya samu zuwa. Waɗanda aka kai bukka wasu na dawowa da ƙafarsu, da yawa ba sa dawowa.

Ƙawata katanga ɗaya ta raba mu. Fura take sayarwa, duk unguwa ita ake sha wa. Tana da yarinya ɗaya, 'yar fari, ba ta fi shekarun fara talla ba. To a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna damuwarta a kansa ko gaban aminiyarta. Kunya ke nan, haka muka tarar. Yarinyar ma ba ta ce mata Inna, Yaya take ce mata.

Wata safiya ta shigo ta ce in warware mata kai in sake. Na ce, “Wanda na yi miki ko tsufa bai yi ba. Ko mai gidan ya aiko yana hanya ne?” Ta zauna ta kifa kai a cinyata. Na fara tsaga.

Can ta ce, “Ƙawa, in tambaye ki wata maganar banza?”

“Da ma kin taɓa yin wadda ba ta banza ba?”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “A ce wata mace ce, can wani gari, mijinta ba ya nan. Ta ga ƙuraje sun fito a goshin yarinyar gidan. In ta yi shiru ta rufe ta a ɗaki, ta yi jinyarta da hannunta, wataƙila ta tashi. In ta faɗa, a kai ta bukka. Wanne ya kamata ta yi?”

Hannuna ya tsaya. Sai a lokacin na tuna kwana biyu ban ji muryar yarinyar ta bayan katanga ba. Na tuna nawa yaran, da na maƙwabta, duk akushi ɗaya suke sa hannu. Amma tunda ta ce wata mace, ni ma dole in ce wata mace. In na buɗe maganar na tsiraita ta.

Na ce, “Matar nan tana da zanzana?”

“Ba ta da.”

“Tana sayar da abin ci?”

Ta ce, “A ce tana yi.”

“To ta faɗa.”

“Ko da yarinyar za ta mutu can cikin rana, ba mai ba ta ruwa?”

“In ta ɓoye, ba yarinya ɗaya za a binne ba.”

“Da ke ce fa?”

Ni ba na ƙarya, ko ranar ban yi ba. Na ce, “Da ni ce ban san abin da zuciyata za ta sa ni ba. Amma abin da ya kamata kika tambaye ni. Ki kuma gaya wa matar, in tana da maƙwabciya mai zanzana, ruwa dai yarinyar ba za ta rasa ba.”

Na ji zanena ya jiƙe a cinya. Na ci gaba da kitso har na kai ƙeya.

Da la'asar da ƙafarta ta je wurin mai unguwa. Na kai yarana wurin uwar mijina, na goya yarinyar, jikinta kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Uwar ta tsaya a ƙofar gida, tsofaffin unguwa na kallonta, ba halin ta biyo mu. Abin da ta iya cewa kawai, “An ɗauki ƙwaryar shan ruwa?”

Akwai wani gawo da ake ajiye wa na bukka abinci a gindinsa, ba mai wuce nan. Kullum da safe sai in hango ƙawata ta ajiye fura, ta ɗaga murya daga nesa, “Ya masu jiki?” Duk masu jiki take gaisarwa, don kada a ce ta tambayi ɗaya. Ni kuma in ce da sauƙi. Yarinyar idanunta suka rufe da ƙuraje, in na ɗiga mata ruwa sai ta kama hannuna ta ce, “Yaya ce?” Nakan ce Yaya ce ta aiko.

Ranar wata Juma'a da hantsi yarinyar ta cika. Can muka binne ta, Malam ya tsaya daga nesa ya yi addu'a.

Na ƙone tufafina, na yi wanka, na jira kwanakin da aka ce, sannan na shigo gari. A unguwarmu ba yaron da ya sake kamuwa. Mutane suka yi ta sa mini albarka har na gaji. Ita kuwa ƙawata yabon da ta samu shi ne na tsofaffi, wai ko hawaye ba a gani a idonta ba, yarinya mai kunya.

Na tarar da ita tana dakan fura. Na yi mata gaisuwa, ta amsa kamar 'yar wani ce ta rasu. Na ɗan zauna. Da na miƙe zan tafi, ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ƙawa, matar nan ta wancan gari. Da ta ɓoye ta, da ta tashi?”

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, na tsaya riƙe da mayafina. Na ce, “Ban sani ba.”

Ta gyara geron da ke bakin turmi da hannu, ta ɗauki taɓarya.