Lambar Yaya a takardarmu

Tun ranar da muka binne Baba, duk wata takardar gidanmu lambar wayar Yaya ake sa mata. Ba wanda ya zauna ya yanke haka. Shi ne babba, shi ya yi karatu, ni kuwa aji huɗu na yi na bi motoci. Katin asibitin Inna lambarsa, takardar lantarki lambarsa, lokacin da aka rushe mana gida a unguwar Nakkasa, nan ƙasa mai tsarki, muka watse ma shi ake kira. In aka ce mini kawo lamba, tasa ke fara zuwa bakina kafin tawa.

Shekararmu goma sha bakwai da aure ba haihuwa. Dangi sun daɗe da gama magana cewa matsalar daga matata ce. An ba ta ruwan tofi, an aiko mata da jiƙo daga Kano, an gaya mata baƙar magana a gidajen suna. Ta shanye duka. Amma akwai wata takarda mai layi uku da likita ya ba ni tun a shekara ta biyar, wadda ta ce ni ne. Mu biyu kaɗai muka sani. Ita ta ce in yi shiru, ni kuma shirun ya yi mini daɗi. Ba zan yi wa maganar ado ba.

Ita ta zo da zancen mu ɗauki marainiya. Na ce to, don na gaji da ganin ta tana wanke kwano biyu kullum.

A ofishin da ke kula da marayu wata ma'aikaciya ce ta karɓe mu, mai gilashi a kan niƙabi, ba ta gaggawa. Ta tambayi aikina, na ce tasi, lokacin hajji kuma bas tsakanin Arfa da Muzdalifa. Ɗaki nawa ne a gidanmu na unguwar Shisha, ko ina shan sigari, ko an taɓa kulle ni, su wa ke shigo mana. Har hoton kicin da banɗaki ta ce za a ɗauka. Can ta ce, me ya hana haihuwa, akwai rahoton likita?

Matata ta kalli ƙasa. Na sauka na ɗauko takardar daga aljihun mota, inda take kwance a ƙarƙashin takardun inshora. Ma'aikaciyar ta sa ta a inji, injin ya yi ƙara sau ɗaya, abin da na ɓoye shekara goma sha biyu ya shiga kwamfuta. Ta karanta mana wani dogon bayani a kan wanda ke da ikon ganin fayil ɗinmu. Ban saurara ba, kaina na sarawa, na sa hannu. Ta ce lambar waya. Na ba ta.

Bayan hajji da 'yan kwanaki, ƙafafuna ba su gama sacewa daga kumburin tuƙi ba, ina zaune da hantsi matar Yaya ta kira matata. Wai saƙo ya shigo wayar Yaya da sunana daga ofishin marayu, ya sa hula ya fita. Bai kira ni ba. Ba ya kiran kowa. In takarda ta zo, tashi yake ya je ya ji, haka ya saba yi mana, mu ma haka muka saba.

A mota, kan hanyar ofishin, na ce wa matata, "Mu janye kawai. In je in ce su goge takardata, mu bar maganar."

Ta ce, "Maigida, shekara nawa ina riƙe maka takardar nan?"

Na ci gaba da tuƙi.

"Ban taɓa cewa na gaji ba. Yau kuma saboda ita za ka hana ni yarinya? To ka janye. Amma ka san ni ba zan manta ba."

Muka samu Yaya a bakin ƙofar ofishin, yana fifita da jarida, fuska a murtuke. Bai amsa sallamata ba.

"Kai, wane irin wuri ne wannan? Na ce musu ni ne wanka, uwa ɗaya uba ɗaya, na nuna musu saƙon a wayata. Yarinyar nan ta ce ba za ta iya gaya mini ko kana da fayil a nan ko ba ka da shi ba. Ni! Ni da na yi maka katin ɗan ƙasa kana tsaye kana sosa kai!"

Na ce, "Yi haƙuri Yaya, ina zuwa."

Na shiga ni kaɗai. Na tambayi ma'aikaciyar me ta gaya masa. Ta ce ba komai. Ta ce saƙon ranar zuwa duba gida ne kawai, ba abin da ke cikinsa sai suna da lokaci. Sannan ta ce, "Baba, lambar wa ka ba mu?" Na ce ta wana. Ta ɗan tsaya tana kallona, ta ce a nan ba a yin haka, in kawo tawa. Sai da na buɗe waya na duba kafin na iya karanta mata.

Na ce, takardar likitan fa, su wa suka gani? Ta ce ita, da shugabarta, da likitan da ke duba masu nema. Ta ce ko uwata ta zo, abin da aka gaya wa Yaya za a gaya mata, sai in ni na sa hannu na ce a faɗa. Ashe duk wannan yana cikin bayanin da ta karanta mana ranar. Na ji kunya, na kuma ji wani sanyi a ƙirjina. Maganar janyewa ban ma ɗauko ta ba.

Har na miƙe ta ce saura abu ɗaya. Tunda mace muke so, sai an samu mai shayar da ita daga ɓangarena, don ta zama muharramata, kada ta girma tana rufe kai a gidan da ta tashi. Ƙanwata ko matar wana. Ƙanwata ta daɗe da yaye na ƙarshe. Matar Yaya kuwa tana goyon ɗan wata huɗu.

Yaya ya shiga gaban mota, matata na baya. Na gaya masa abin da muke nema, da alfarmar da muke roƙo a wajen matarsa. Na tayar da mota. Muna tsaye a danja ya fara, kamar ba kowa a kujerar baya.

"Ba na hana ka lada. Amma kai namiji ne da lafiyarka. Shekara goma sha bakwai ka yi haƙuri da abin da ba laifinka ba, kowa ya shaida. In ita Allah bai ba ta ba, kai me zai hana ka nemi naka na cikinka?"

Na duba madubi. Tana kallon waje, ta riƙe jakarta da hannu biyu. Na san wannan zaman, na sha ganin sa a gidajen suna. Waccan baƙuwar mai gilashi, wadda ba ta haɗa komai da mu ba, ta rufe mini asiri tsaf. Zan iya ci gaba da shiruna har in mutu, ba mai tona ni.

Na ce, "Yaya, ba ita ba ce. Ni ne. Tun shekara goma sha biyu likita ya rubuta. Takardar na nan gabanka a aljihun mota, buɗe ka karanta, kai ka iya karatu."

Bai buɗe ba. Motocin baya suka yi ta danna mana oda, danja ta daɗe da sakinmu. Muka kai ƙofar gidansa. Da zai sauka ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "In an ba ku ita ku kawo ta."

An ɗauki watanni, an zo duba gida sau biyu, an sake kiranmu tambayoyi. Ranar da aka ba mu jaririyar, daga ofishin gidan Yaya muka wuce. Matarsa ta shayar da ita sau biyar cikin kwana biyu, aka rubuta, aka sa hannu, wannan ma ya shiga fayil.

Na san Yaya ya gaya wa Inna, don jiƙon Kano ya daina zuwa. Ba wanda ya zo ya ba matata haƙuri, ko mutum ɗaya. Ni ma da ƙyar na iya haɗa kalmomin, a kicin, tana wanke kwalbar madara. Ta ce in miƙo mata tawul.