Jirgin da Ya Kewaya Garin Baba Bai Sauka Ba

Mun tashi da asuba daga Maraɗi ranar Talatar da ta wuce, ni da mahaifina da shofer ɗinmu. Kafin mu shiga, Baba ya kewaya motar, ya daddanna tayoyi, ya duba mai, ya sa aka kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya. Shofer ya raɗa mani, "Hajiya, yau dai motar nan tashi sama za ta yi."

Ga wanda bai san Baba ba, tsohon sojan sama ne, matuƙin jirgi. Yana yaro aka ɗauke shi daga ƙauyensu a ƙasar Korgom aka sa shi lakwal, wato makarantar boko. Ya je waje ya koyo tuƙi, ya dawo da galo ɗaya, alamar muƙami, a kafaɗa, ya aje aiki yana kanal. Ya yi zamani da gwamnatocin soja, wata ta ba shi sansanin jirage ya riƙe, wata ta zaunar da shi gida wata da watanni ba a faɗa mashi laifinsa ba. Wannan duk mun sani. Abin da ba mu sani ba shi ne dalilin da ya sa yayarsa, Gwaggo, ba ta magana da shi tun kafin a haife ni. Makon jiya aka kira shi aka ce jikinta ya yi nauyi, kuma ta ce ya zo.

Har Cadawa Baba na faɗan muna tafiyar hawainiya. Muna isa mararraba kuma sai ya ce a karkata Mayahi, akwai filin da yake son gani. Na ce Baba, mara lafiya ke jiranmu. Ya ce ya sani. Muka karkata.

Damina ta yi kyau a wajen, hatsi ya fi mutum tsawo, wake ya rufe ƙasa. A Mayahi muka sayi esans, wato fetur, ta kwalba, mai sayarwa ya rantse ba gami, motar kuma ta yi ta tari tana ƙaryata shi. Muka karya da ƙosai da koko a tsaye, don Baba ya ƙi zama. Filin nasa mun neme shi fiye da awa guda. Wai nan ya taɓa sauka da jirgi a shekarun fari. Inda ya nuna gonar gyaɗa muka tarar, mai ita kuma ya ce shi tun tasowarsa gyaɗa ya sani a nan. Baba ya tsaya yana kallon sama, ya ce hadarin can na gabas ba zai kai la'asar bai zubo ba. Bai kai ba kuwa.

Daga Mayahi zuwa Tasawa hanya ta wahalar da mu, rami ya bi rami. A Tasawa muka yi azahar, na sayi kwaɗon zogale da goro na tsaraba. Baba bai taɓa abinci ba. Ya shiga mota, ya fito, ya ce a tafi, ya ce a dakata ya sake alwala.

Bayan Tasawa gudron, wato kwalta, ya ƙare mana, sai yashi da kwatami. Ruwan ya riske mu kafin Korgom, motar ta kafe har gindi, muka hau amalanken wani Bafulatani da ke komawa daga kasuwa. A kan amalanken nan, shanu na tafiya yadda suka ga dama, Baba ya buɗe baki ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce a babbar yunwar nan, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, aikinsa jigilar hatsin agaji zuwa arewa. Wata rana ya kauce hanya kaɗan, ya sauko ƙasa-ƙasa, ya kewaya garinsu sau biyu don mahaifiyarsa ta san shi ne. Ya hangi mutane na fitowa da gudu, da ƙore da zannuwa a hannu. Sai a lokacin ya gane abin da suka zata. Buhuna na bayansa cike da jirgi, amma na wasu ne, kuma ba shi da odar sakin ko ɗaya. Ya ɗaga jirgin ya wuce. Mahaifiyarsa ba ta ga daminar shekarar ba. Da ya zo gaisuwa, Gwaggo ba ta fito ba.

Mun shiga garin gab da magariba, a jiƙe. Gwaggo na kwance a ɗakin soro, ta rame, amma idonta tar. Baba ya cire takalmi ya durƙusa bakin tabarma.

"Auta, ka iso?"

"Na iso, Yaya. Ya jiki?"

"Jiki ya gama nashi. Tambaya gare ni." Ta numfasa. "Ran nan ni na bi gari ina shelar ƙanena ya kawo hatsi. Kwana uku muna hita daji muna jiranka, har da Inna. Daga baya aka ce mana manya kuke kai ma, su saida. Ka hwaɗa mani tsakaninka da Allah, wa ya ci shi?"

Baba ya ce can arewa ya kai shi, wani sansani da Buzaye suka taru bayan dabbobinsu sun ƙare. Ya ce a gabansa aka raba, ana awo da kwanon tiya, mata na share wanda ya zube a rairayi suna rairayewa. Ya ce ba zai rantse a kan kowane jirgi ba, amma wannan ya gani da idonsa.

"Sun ci ke nan?"

"Sun ci, Yaya."

Ta lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce wa jikarta da ke jinyarta, "Dama mashi hura, ya sha hanya." Baba ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya shanye tas. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Kwana biyu muka yi. Samarin gari suka fito da motar, muka biyo ta Tasawa kai tsaye, Baba na ta barci har Maraɗi. Ni ce na kasa natsuwa. Na yi ta tunanin shekarun da suka tafi, shi yana yi mata aike tana sa a rabar wa maƙwabta, ita tana riƙe da tambaya ɗaya, tsakaninsu kuwa tafiyar yini ce kawai. Muna isa gida na kira ƙanwata, wadda rabona da jin muryarta tun rasuwar mahaifiyarmu. Ta ɗauka, ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, Jumma'a ina nan tafe.